Sa Hannun da Sugna Didi Ta Ƙi Yi

"Ba zan sa hannu ba, Dakta Sahab."

Ina tsaye a bakin ofishin da takardun mahaifina a hannu na ji wannan magana, don ƙofar ba ta rufuwa sosai. Mai maganar ita ce Sugna Parihar, ma'aikaciyar jinya mai kula da rabon iskar oksijin a asibitin yankinmu. Wanda take gaya wa kuwa shi ne shugaban asibitin, Dakta Bhati.

Ya ce, "Sugna-ji, ba shawara na kira ki ba. Na'ura talatin, suna talatin. Jibi masu ramukan dutse za su zo da 'yan jarida su raba kyautarsu. A karɓo tukwanen oksijin na waɗannan mutane a maido asibiti, a ba su sababbin na'urorin numfashi na ratayawa. Mene ne mai wuya a nan?"

"Mutum tara za ta yi wa amfani, Sahab. Na auna su ɗaya bayan ɗaya. Sauran ashirin da ɗayan, in ka karɓe tukwanensu ka ba su wannan, jakar banza ka rataya musu."

"Ke likita ce?"

"A'a. Ni dai na san gidajensu."

Sunan mahaifina, Hukma Ram, shi ne na uku a takardar. Wata huɗu na yi ina zirga-zirga kafin ya shiga. Ran nan ban tsani kowa a duniya kamar wannan mata ba. Yau ga ni ina rubuta mata jinjina, domin ta yi ritaya watan jiya bayan shekara talatin da ɗaya, kuma ban ga wanda ya ɗauki alƙalami ba.

A ƙauyukanmu na gefen Jodhpur, a ƙasar Indiya, namiji yana shiga ramin dutse kafin gemu ya fito masa, ya fito yana da shekara arba'in da huhu cike da garin dutse. Ciwon dutse muke kiransa. Ba ya warkewa. Abin da ya rage wa mutum shi ne iska, da yadda za a kai masa ita. Wannan ne aikin Sugna Didi, wato Yaya Sugna.

Motar ƙarfe shida na safe take hawa, da jaka ɗaya da gorar ruwa da gurasar gero naɗe a ƙyalle. Ba ta taɓa zaɓa wa mutum abin numfashi tana zaune a ofis ba. Sai ta shiga gidansa. Kafin ta dubi mara lafiya, murhu take dubawa, ta ƙirga taku nawa ne tsakaninsa da gado, domin oksijin da wuta ba sa zama wuri ɗaya. Ta tambayi awa nawa ake samun lantarki. Ta sunsuna filo ta ji ko maigidan yana satar shan taba. Ta ja matar gefe ta ce, "In yana barci, bakinsa a buɗe yake ko a rufe?" Mutane suna dariyar wannan tambaya. Ni ma na yi.

Akwai ɗan abin nan da ake maƙala wa yatsa ya nuna yawan iskar da ke cikin jini. Yatsun mazanmu sun yi kanta kamar ƙahon sa, sau da yawa abin ba ya karanta komai, ko ya karanta ƙarya. Matasan ma'aikata sukan rubuta duk lambar da ta fito. Ita a kunne take maƙalawa. In mace ce mara lafiyar, takan ce wa surukai maza su fita su sha iska, don matar ta ɗage lulluɓi ta ga launin leɓenta. Wani tsoho ya taɓa ce mata, "A gidana za ki kore ni?" Ta ce, "Ba korarka na yi ba, Baba-ji. Akuyarka ce ke cin rawaninka a kan igiya." Ya fita da gudu. Babu akuya a gidan ma.

Kada wani ya zaci ƙin sabon abu ne da ita. Akwai wata Paani Devi da mijinta ya mutu ya bar mata awaki da nata ciwon, wadda ta kwana biyu ba ta iya bin garkenta. Sugna Didi ce ta tsaya kai da fata sai da aka ba ta ƙaramar na'urar ratayawa. Har yau tana kiwo da ita a kafaɗa. Ta dace da ita, shi ke nan.

Mahaifina kuwa shekara biyu ya yi a ɗaki ɗaya, ɗaure da robar hanci a jikin tukunyar ƙarfe da ta kai ƙirjina tsawo. Ba shi da wani buri babba. Taku ɗari biyu daga ƙofarmu akwai teburin mai shayi a gindin dogonyaro, inda sa'o'insa da suka rage suke karta. Yana jiyo dariyarsu daga kan gado. Can kawai yake son zuwa. Da ya ji labarin na'urar da ba ta fi jakar 'yan makaranta ba, mai batir, sai ya sa aka wanke masa farin rawaninsa.

Na tare ta a tashar mota ranar da ta ƙi sa hannu. Na yi karatu, na san haƙƙinmu, kuma ba na jin tsoron masu farin kayan asibiti.

Na ce, "Masu ramukan nan su suka cinye masa huhu. Yau sun kawo abu ɗaya, ke kuma kin tsaya a ƙofa. Wa ya ba ki iko?"

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ke ce Gavri, 'yar Hukma Ram? Gobe da hantsi zan zo da na'urar. Ke za ki riƙe abin awon, tunda kin iya karatu."

Ta zo. Ta zauna a ƙasa gefen gadon ta yi wa Bapu, wato mahaifina, bayani kamar mai koya wa mutum ɗaure tsintsiya. Tukunya tana zubo iska ba tsayawa, ko ka ja ko ba ka ja ba. Wannan ƙaramar kuwa jira take yi. Sai ta ji ka ja numfashi ta hanci, sannan ta feso maka kaɗan. Wanda ƙarfinsa ya ƙare, ko yake haki da baki, ba ta jinsa sosai, kuma abin da take fesowa bai kai rabin abin da Bapu yake sha ba.

Bapu ya ce, "Didi, bar surutu, rataya min."

Ta rataya masa. Ta maƙala abin awon a kunnensa, ta miƙo min allon. Tamanin da tara. Ya miƙe yana murmushi, ya tsallake dokin ƙofa karon farko cikin shekara biyu. Taku goma, tamanin da biyar. Taku ashirin da biyar, tamanin da ɗaya, bakinsa ya buɗe. A taku na arba'in lambar ta koma saba'in da shida, leɓensa ya yi shuɗi, ya dafa bangon maƙwabta ya zame ƙasa. Ni na karanta lambobin da bakina. Ashe Sugna Didi ta riga ta sa mahaifiyata ta mirgino tukunyar a bayanmu.

Da ya dawo hayyacinsa, ya kama gefen rigarta. "Didi, rubuta tamanin da tara kawai. Wa zai sani? Ko kwana goma ne, a waje nake so in yi su."

Ta durƙusa a gabansa. Sannan ta ce, "Hukma-ji, in waje kake so, zan kai ka waje. Amma ba zan rubuta abin da ban gani ba."

Bikin dai an yi shi. Wani ma'aikaci ya sa hannu a madadinta. An kafa rumfa, an rataya wa masu ramuka sarƙar furanni, an jera marasa lafiya a kujeru an ɗauki hoto. A wannan ranar ita kuma tana bin gidaje ashirin da ɗaya a ƙafa, cikin zafin da ke narka kwalta, da magana guda: "Ku karɓi kyautar in kuna so, amma kada ku ba da tukunyarku." Wasu sun ji. Wasu sun ce baƙin ciki take yi. Matar wani ta watso ruwan wanke-wanke a gabanta.

Tejaram, aminin Bapu tun suna fasa dutse tare, yana cikin waɗanda ba su ji ba. Ya zo har tagarmu da na'urarsa a kafaɗa yana haki yana tsokana.

"Hukma! Har yanzu kana rungume da wannan randar? Dube ni, kamar ma'aikacin banki!"

Bapu ya juya fuska bango. Kwana uku bai yi min magana ba, don ni na karanta lambobin.

A rana ta huɗu Sugna Didi ta dawo da wani abu da mai walda ya haɗa mata daga tayoyin tsohon keke biyu da sandunan ƙarfe. Ta nemo matsakaiciyar tukunya da za ta zauna a ciki, da doguwar roba. Ta je wurin mai shayi ta sa ya matsar da benci ɗaya nesa da murhunsa, ta zana layi a ƙasa da ƙafarta, ta ce wa 'yan karta, "Duk wanda ya tsallako nan da taba a baki, ni da shi ne. Kun san ina da allura." Ta koya wa Bapu tsayawa sau huɗu a hanya. Ni na ja keken ran farko. Da muka iso gindin bishiyar, wani ya ɗaga murya, "Ku ba da hanya, Hukma ya zo da raƙuminsa!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya zauna ya ce a raba da shi.

Tejaram bai cika mako bakwai ba. Ya kishingiɗa bayan cin abincin rana, na'urar tana ta ƙara a gefensa, matarsa tana rijiya. Ba zan ce na'ura ce ta kashe shi ba. Dutse ne ya kashe shi, kamar yadda ya kashe kakana da ƙannen mahaifina biyu. Amma na san bakinsa a buɗe yake barci, kuma na san wadda ta tambaya. Kafin damina ta wuce, an fita da gawar mutum biyar daga gidajen da suka ba da tukwanensu. Ba a kira 'yan jarida ba.

Bapu ya yi wata goma sha huɗu yana zuwa gindin dogonyaro. Ya ci karta, an ci shi, ya yi rigima a kan ƙuri'a, ya ga haihuwar jikansa. Ya rasu a lokacin sanyin bara. Kwana biyu kafin nan yana bencinsa.

Sugna Didi, ke ce kika san cewa mutum ba lamba ba ne a takarda, yana da murhu da taga da wurin da yake son zama. Ke ce mai ƙirga taku. Na zage ki a tasha gaban jama'a, ba ki taɓa tuna min ba. Na gode miki da wata goma sha huɗun nan. Mahaifiyata ta gode, kuma ta ce in gaya miki keken yana gidan wani yanzu, ana ja.

Ku da kuke shiga wannan aiki, kafin ku miƙa wa mara lafiya abin numfashi, ku je gidansa. Ku tambaye shi inda yake son zuwa, ku taka tare da shi, ku dubi lambar, ku rubuta wadda kuka gani. In an ce ku rubuta wata, ku tuna an taɓa yin wadda ta ƙi.

Amma ba zan yaudare ku in ce ƙin ya zo a banza ba. Mako biyu bayan bikin aka rubuta mata takardar rashin biyayya, aka cire ta daga sashen oksijin, aka tura ta wani ƙaramin ɗakin shan magani a bakin hamada, tafiyar awa biyar a mota. A can ta ƙarasa shekaru biyunta na ƙarshe tana wanke ƙuraje. Mijinta yana kwance da shanyewar jiki a gida, ranar Lahadi kaɗai take ganinsa. Ya rasu ranar Laraba, ba ta kusa. Ranar ritayarta babu rumfa, babu furanni, takardar nan kuma tana cikin fayil ɗinta har gobe. Da na ziyarce ta na ji tana tari, irin tarin da na sani, don shekara talatin ta yi tana shaƙar ƙurar hanyoyinmu.

Na tambaye ta ko ta yi nadama. Ta ce, "Ta Larabar nan, ƙwarai. Kullum." Ta kurɓi shayinta. "Amma in an sake miƙo min takardar, ba zan sa hannu ba."