Ƙasar da Zuhra Ta Turara

Hausawan da suka yi zaman Kuala Lumpur a shekarun nan ba su manta da Zuhra 'yar Gumel ba, likitar dabbobi mai saurin tafiya da saurin baki. A 2014 ta zo karatun digiri na uku, ta kama ɗaki a Kampung Baru, a gidan katako na wata dattijuwa 'yar ƙasar, Mak Cik Sharifa, wato Inna Sharifa a yarensu. Kafin wata uku sun zama uwa da 'ya, tare suke girki, faranti ɗaya suke sa hannu. Zuhra ta rasa mahaifiyarta tun tana sakandare, don haka duk garin babu inda take ƙauna kamar kicin ɗin nan.

Aikinta kuwa na aladu ne. Sau biyu a mako takan je wata gona a bayan gari ta ɗebi jinin aladun da aka ba ƙwan tsutsar ciki, doguwar nan mai kama da taliya. So take ta gano yadda garkuwar jikin wasu ke fatattakar tsutsar cikin 'yan makonni, wasu kuma ta zauna musu daram. Hanjin alade ya yi kusa da na mutum, tsutsar kuma 'yar'uwar wadda ke kumbura cikin yara ce a ƙauyukan su Zuhra. Ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, domin a karatun Malikiyya da ta taso da shi, cin alade ne haramun, taɓa mai rai ba ya sa najasa. Safar hannu da wankan sabulu sun ishe ta.

Ran nan suna yankan albasa, bakin nata ya ja mata. Ta kawo labarin wani ƙaton alade da ya ture ta cikin taɓo, tana ta dariya ita kaɗai. Mak Cik ta ajiye wuƙa.

"Alade? Da hannun nan?"

"Na wanke da sabulu, Mak Cik."

"Sabulu bai isa ba. Sau bakwai ake yi, ɗaya da ruwan da aka gauraya da ƙasa."

Mutanen ƙasar kuwa mazhabar Shafi'iyya suke bi, haka hukuncin yake a wurinsu. Kwana biyu tsohuwa ta yi tana wanke tukwane. Ba ta yi faɗa ba, sai dai abincin Zuhra ya koma zuwa a ƙunshe, a rataye a ƙofar ɗaki. Wannan ya yi mata ciwo ƙwarai, har ta yi kuka.

Zuhra ta ce ta yarda za ta wanke. Da yake gidan a kan dirkoki yake, Mak Cik ta nuna mata ƙasar ƙarƙashinsa, inda magen unguwa ke biyan buƙata. Nan fa Zuhra ta ja tunga. Ita da ta san ƙwan tsutsa na yin shekaru a ƙasa da ransa, ta cuɗa wannan a hannu sannan ta taɓa abinci? Ta ƙi, Mak Cik ma ta ƙi. Taurin kai dai kowace da nata, aka yi mako guda sai gaisuwa.

Ranar Asabar Zuhra ta sayo sabuwar tukunya a kasuwar Jalan Masjid India. Ta samo jar ƙasa, ta tankaɗe da rariya, ta ɗaure a ƙyalle, ta ɗora a risho a tsakar gida kamar mai dambu. Mak Cik ta leƙo ta taga.

"Me kike dafawa?"

"Ƙasa, Mak Cik. Tururi yana kashe ƙwan tsutsa."

Tsohuwa ta yafa mayafi ta nufi masallacin unguwa. Da ta kai masa tambayar, liman ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce muddin ba a ƙona ta ba, ƙasa tana nan ƙasa.

Da ta dawo, ita da kanta ta kama moɗa. Zuhra ta miƙa hannuwa a gindin matakala, Mak Cik tana zubawa tana ƙirgawa, ba ta yafe ko ɗaya ba. Da suka kai bakwai ta goge mata hannun da gefen zanenta, ta riƙe shi ta ƙi saki.

"Kin rame," in ji ta. "Albasa na jiran ki."

Shekara huɗu Zuhra ta ƙara a gidan kafin ta koma Najeriya koyarwa. Ba ta sake turara ƙasa da hannunta ba, domin duk ranar gona takan dawo ta tarar da kwano a gindin matakala, ƙasar da sauran ɗuminta, Mak Cik na zaune da moɗa tana jiran ta.