Konjen ɗan dako

Shekarar korona ina dakon buhu a magazar wani Alhaji, wato ma'ajiyar kayansa, a Sabon Gari. Kullum daga Tsibiri nake tahowa a keke. Tsakar kaina ta sanƙe a ƙarƙashin shinkafar mutane, wadda a gidana sai da salla ake ganinta.

Da manyan motoci suka daina shigowa, Alhaji ya tara mu. Bakinsa cikin takunkumi, ya tsaya can nesa kamar mu ne cutar. Ya ce, "An ba kowa konje."

Ni na taɓa lakwal, a aji huɗu na fita. Na san konje: malamai su tafi gida su miƙe ƙafa, wata ya ƙare albashi ya iske su. Wallahi har daɗi na ji.

Matata ta ce, "Maigida, kai da ko zazzaɓi ba a taɓa ɗaga maka ƙafa ba, yau kai ne da hutu?" Na ce ta yi shiru, ba ta jin Faransanci.

Ana haka wana ya aiko daga Jiratawa, wai akwai fili kusa da ruwa, in zo mu yi zogale da tattasai a raba. Na ce a gaya masa ma'aikaci ba ya barin wurinsa yana konje.

Wata ya mutu, gero ya kusa ƙarewa a rumbu. Na je magaza. A rufe take, amma buro, ofishin Alhaji, na aiki, sanyi na fitowa ta ƙarƙashin ƙofa. Mai yi wa Alhaji lissafi ya leƙo ta taga.

"Kawu, lafiya?"

"Albashin konje na zo amsa."

Ya yi dariya har takunkuminsa ya zame. "Kawu, wanga konje na 'yan buro ne. Ku ai buhu ke biyanku. Ba buhu, mi za a biya?"

"Shekarun da na yi nan fa?"

"An biya ka su, kowace yamma."

Washegari na taka keke zuwa Jiratawa. Wana na ban ruwa, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Mushe ma'aikaci, an gama hutawa? Fili kam na ba wani."

Keken muka sayar muka ci. Da magaza ta buɗe, mai tahowa da ƙafa daga Tsibiri ba ya riskar motar kaya ta safe. Samarin cikin gari suka cike wurin. Ranar ƙarshe da na je, Alhaji ya gan ni tsaye bakin ƙofa. Ya ɗaga mini hannu daga cikin mota, gilashi a rufe.