Yadda Muka Raka Bayahude Zuwa Birmingham

Ana idar da sallar asuba ranar Lahadi na fito da babur ɗina daga lungun bayan gida a Old Trafford, ina tura shi a hankali ban tayar ba, don kada 'yata ta farka ta fara karanto mini abin da likitana, wato GP, ya ce a kan gwiwata. GP bai taɓa hawa babur ba, saboda haka ban ga inda iliminsa ya shafi wannan magana ba. A bakin titi na iske abokin tafiyata yana jira, ya sha jaket ta fata, gemu ya leƙo ta ƙarƙashin hular kwano.

Bari in gabatar da shi, tunda na san akwai masu tsegumi. Bayahude ne. Eh, na faɗa, kuma ba da raɗa ba. Tun ina gyaran babura a wani gareji a Gorton yake kawo mini wata akwala tasa, har ni na yi ritaya, akwalar ba ta yi ba. Yana cikin ƙungiyar Yahudawa mahaya babur tun kafuwarta, kuma ranar nan za a zauna a Birmingham a yanke magana: a ci gaba da karɓar mutum shi kaɗai, ko kuwa sai wanda ya shigo ta hannun kulob. Mutumina kuwa kulob ɗinsu ya ƙare. Wasu sun rasu, wani ya bi 'ya'yansa ƙasar waje, na ƙarshen matarsa ta sayar da babur ɗin yana kwance a asibiti. In masu kulob suka yi rinjaye, an share shi ke nan. Shi ya sa na ce ƙafata ƙafarsa. A masallaci wani ya tambaye ni ko na rasa abokin tafiya ne cikin Musulmi. Na ce a kawo mini tsohon Musulmi ɗaya a Manchester da zai hau babur a M6, in bi shi.

Titin M6 da yayyafi ba wurin wasa ba ne. Manyan motoci suna wuce mu suna yi mana wanka kyauta, mu kuwa muna gefe muna tafiyarmu ta dattako. Mun tsaya a irin wuraren hutun nan na bakin hanya, aka sayar mana da shayin da kuɗinsa zai yi wa yaro suna a garinmu Kumasi. Shi ya fito da burodinsu mai rami a tsakiya, ni na fito da ƙosai, kowa yana leƙen na ɗan'uwansa kamar jami'in kwastan. Muna nan sai ga samarin wani sabon kulob na ƙungiyar tasu, babura manya suna walƙiya, jaket iri ɗaya. Sun gaishe shi da ladabi, ba zan yi musu ƙarya ba. Ɗaya ya ce ya shigo cikinsu kawai magana ta mutu. Mutumina ya ce masa, “Kafin in sa giya ta uku kun isa Birmingham kun ci abinci. Wannan ba tafiya tare ba ce.”

A bakin Birmingham akwai wata mahaɗar tituna da suke kira da sunan taliya, kuma wanda ya raɗa sunan bai yi zalunci ba. Mun zagaya ta har na fara gane direbobin da muke ɓata tare. Da ƙyar muka faɗa Stratford Road, inda ƙamshin yaji ya tarbe mu tun kafin mu ga shagunan Sparkhill. Taron sai bayan azahar, don haka muka sauka gidan ƙanin matata. Hajiyarsa ta kawo wake da shinkafa irin na gida da nama, mutumina ya ce a yi haƙuri. Ta ɓata rai, ta ce naman halal ne. Sai da na yi mata bayanin cewa nasu ka'idojin sun fi namu tsawo, sannan ta kawo masa ayaba da shayi. Goro kuwa ya karɓa don kunya, ya tauna, fuskarsa ta yi kamar an taka masa yatsa.

Ashe ranar ce dattawan Zango na Birmingham suke zamansu na wata-wata a gidan. Babbansu, wani tsohon direban bas da kowa ke kira Baba, ya tambayi abin da ya kawo mu. Na ce za a yi zama ne a kan baƙon nan, ana so a cire shi don ba shi da jama'a.

“To su wa za su zauna a bayansa?” in ji Baba.

Na ce ni.

“Kai kaɗai, da wannan gwiwar? Mutum ya sha ruwan gidan nan, a bar shi ya shiga zama da mutum ɗaya? A Zango ko wanda ya saci akuya ana raka shi.”

“Baba, ba court ba ne, meeting ne.”

“Meeting ɗin da ake korar mutum, court ne. Ku ɗauko hulunanku.”

Haka muka isa wurin taron, babura biyu a gaba, ƙaramar bas cike da manyan riguna a baya, ɗan autan Baba yana tuƙi. Mai gadin ƙofa ya ga gemu da huluna suna sauka ɗaya bayan ɗaya, ya kai hannu ga rediyonsa. Ban ga laifinsa ba, zamanin da muke ciki kowa a tsorace yake. Mutumina ya matsa ya ce baƙinsa ne. Aka yi ta shiga da fita, daga ƙarshe aka ba mu kujerun baya, da sharaɗin ba magana, ba ƙuri'a.

Ni karatuna bai wuce aji huɗu ba, amma na san muhawara in na gan ta, kuma mutanen nan gwanaye ne. Mutum yana magana, uku suna gyara masa. Wani likitan haƙori ya tsaya wa masu kulob. Ya ce inshora ba ta san mutum ɗaya ba, kuma mai tafiya shi kaɗai in ya faɗi a hanya ba wanda zai sani, ba wanda zai tsaya masa. Wallahi maganarsa da ma'ana, na ji haushin hakan. Sai wata mata da ta taso daga wani ƙauye a Wales ta ce ita kaɗai ce Bayahudiya a garinsu, da tumaki za ta kafa kulob?

Da aka zo kan mutumina bai yi dogon turanci ba. Ya ce ranar da aka kafa ƙungiyar nan ba kulob ne ya zo ba, mutane ne suka zo ɗai-ɗai, kowa da laka a takalminsa. Ya ce shi bai bar kulob ba, kulob ne ya mutu ya bar shi. Yana cikin magana Baba ya miƙe. Ciyaman ɗin taron ya tuna masa sharaɗi. Baba ya ce, “Ai ban yi magana ba, tsayuwa na yi.” Sai duk layinmu ya miƙe, ni ma da gwiwar tawa. Muka tsaya ƙiƙam har mutumina ya gama. Aka yi dariya, wasu suka tafa, na ce a raina mun ci.

Ba mu ci ba. Aka ɗaga hannuwa, masu kulob suka rinjaya da kaɗan. Ciyaman, don ya sanyaya abin, ya ce za a bar mutumina a matsayin mamba na girmamawa, ya zo cin abinci amma ban da ƙuri'a. Mutumina ya ciro wuƙar aljihu, ya farke bajon ƙungiyar daga jaket ɗinsa, ya ajiye a kan tebur. Ya ce su adana masa, zai dawo ya karɓa ta ƙofar da suka zaɓa. Sannan ya tambaya mutum nawa ne kulob. Aka ce biyar masu lasisi. Ya ce dole duka Yahudawa? Suka dubi juna, aka ce ba a taɓa cewa haka ba. Matar Wales ta ɗaga hannu, ni na ɗaga, sai ga hannun Baba a sama.

“Dad, you can't even ride a bicycle!” in ji ɗan autan, wai Baba ko keke bai iya hawa ba.

“Rufe mini baki. Na tuƙa bas mai hawa biyu a garin nan kana cikin tsumma.”

Mun kamo hanyar Manchester rana na gangarawa, yayyafi ya ɗauke. A bayan mutumina nake, ina kallon gurbin bajon, wani zagaye baƙi ƙirin a jikin fatar da ta koɗe. Bai waiwayo ba har Old Trafford, inda na iske 'yata a bakin ƙofa ta riƙe ƙugu. Na ce mata ta ajiye faɗan sai na yi salla.

Abin da tafiyar nan ta koya mini, ana iya kayar da kai da ƙuri'a ka fito da kanka a sama, muddin ba ka karɓi kujerar tausayi ba. An cire mutumina, wannan gaskiya ne, ba zan shafa mata mai ba. Amma jiya Baba ya bugo waya daga Sparkhill. Ya fara koyon babur, ya faɗi a darasin farko, ya tashi ya kakkaɓe riga ya gaya wa malamin cewa ƙasar Ingila ce take da santsi. Mu huɗu ne yanzu, saura ɗaya, kuma ba mu roƙi kowa ba.