Farfesa Muttaka Barau da Ɗakin Masarar 'Yargoje

Haihuwa da Asali

An haifi Muttaka ɗan Malam Barau a watan Agusta na shekarar 1966 a garin Sabuwa, a gidan kakanninsa na wajen uwa, domin mahaifiyarsa Suwaibatu ta tafi goyon ciki kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Mahaifinsa manomi ne a 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara, mutum mai ƙarancin magana da yawan aiki, wanda rumbunansa uku na ƙasa suka yi suna a unguwarsu saboda ba a taɓa ganin gindinsu ba. Kasancewar Muttaka ɗan fari ita ce ta tsara rayuwarsa tun daga ranar suna har kabari. Malam Barau ya riƙe kunyar ɗan fari da gaske: bai taɓa ɗaukarsa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, kuma sunansa bai taɓa fita daga bakinsa ba. In ya zama dole sai ya ce «wancan». Da aka yaye yaron aka mayar da shi Sabuwa wurin kakarsa, a can ya yi wayo, yana zuwa 'Yargoje da Sallah kamar baƙo.

Wanda bai san al'adar ba zai ce ƙiyayya ce, alhali ba ita ba ce. Muttaka ma ya san haka, amma saninsa bai hana shi girma da yunwar kalma ɗaya ta yabo daga bakin mahaifinsa ba, kuma wannan yunwa ce ta jawo abin da ya yi nadamarsa har ƙarshen ransa.

Karatu

Ya yi karatun allo da na firamare a Sabuwa daga 1973 zuwa 1979, sannan ya yi sakandare ta kwana, inda malamai suka san shi da tambayar da ke hana a tashi aji da wuri. A shekarar 1985 ya shiga jami'a a Zariya ya karanci ilimin sinadaran jikin ɗan Adam, ya kammala a 1989, aka riƙe shi yana koyarwa. Daga lokacin ne ya samu ƙarin girma a bakin Malam Barau, ya tashi daga «wancan» ya koma «mutumin Zariya».

A shekarar 1998 ya samu gurbin karatun digiri na uku a ƙasar Jamus, a nan kuma ya haɗu da fannin da ya ba shi ragowar rayuwarsa. Bangon hanjin mutum, kamar yadda yakan yi wa ɗalibai bayani, layi ɗaya ne tak na ƙwayoyin halitta a jere, kafaɗa da kafaɗa. A gefe guda akwai abinci da duk ƙazantar da ke tafe da shi, a ɗaya gefen akwai jini. Abin da ke hana ƙazanta bi ta tsakanin ƙwaya da ƙwaya wasu furotin ne da ke kama gefen wannan su haɗa da gefen waccan, waɗanda masana ke kira kulodin da okuludin. Muttaka bai cika wahalar da mutane da waɗannan sunaye ba, ɗinki kawai yake ce musu. Irin wannan ɗinki yana nan a bangon jijiyoyin jini, ya fi kuma matsewa a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, inda yake tsare ta daga abin da jini ya kwaso. In ɗinkin hanji ya saki, ƙwayoyin cuta da gubarsu su sami hanya, jiki ya yi ta faɗa da su, yaro ya ci ya ƙoshi amma ba ya girma.

Ya ƙware wajen renon waɗannan ƙwayoyi a kan wata 'yar fata siririya cikin ƙaramin faranti, har su haɗe su zama bango. Sai ya zuba ruwa mai launi a sama ya jira. In ɗinki na nan, ƙasa ta zauna fes; in ya saki, launi ya sauko. Ya dawo gida a 2003 da digirinsa da kuma burin nazarin ɗinkin jijiyoyin ƙwaƙwalwa a yaran da zazzaɓin cizon sauro ke sa wa suma.

Aure da Iyali

Tun a shekarar 1993 ya auri Sa'adiya, malamar asibiti 'yar Faskari, mace mai faɗin abu yadda yake, wadda takan ce ta auri mutumin da ya san abin da ke cikin hanjin kowa amma ba a san abin da ke cikin nasa ba. Allah ya ba su 'ya'ya huɗu. Abokansa sun lura cewa yana ɗaukar ɗansa na fari a kafaɗa, yana kiran sunansa a gaban jama'a ba ko kunya, har dattawa na yi masa tsiya cewa Turai ta lalata shi.

Ginin Ɗakin

A waɗannan shekaru masara ta mamaye gonakin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, Malam Barau ma ya rage dawa ya koma mata. Rumbunan ƙasa da aka gina domin damman dawa suka yi wa buhuna kaɗan. Don haka a ranin 2006 Muttaka ya gina wa mahaifinsa ɗakin ajiya na bulo da siminti, da rufin kwano da ƙofar ƙarfe, babu taga ko ɗaya saboda ɓarayi. Aka rushe rumbuna biyu domin a samu fili.

Ranar da aka gama, bayan sallar la'asar, Malam Barau ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce wa jama'a, «Ku zo ku ga abin da mutumin Zariya ya yi mani.» Muttaka na tsaye a bayan sahu, yana da shekara arba'in, ya ji idonsa ya cika. Daga ranar tsohon ya ɗaura makullin a igiya yana yawo da shi a aljihun gaba, kuma duk baƙon da ya sauka sai an kai shi ya ga ɗakin kafin a ba shi ruwa.

Watanni Goma Sha Takwas

A watan Maris na 2011 ya je gida, aka buɗe masa ɗakin don ya ga albarkar bana, sai wani wari mai ɗumi ya tare shi a ƙofa. Rumbun ƙasa a kan duwatsu yake zaune, iska na ratsa shi. Wannan ɗaki kuwa da rana ya yi zafi, da asuba kwano ya yi gumi ya ɗigo, buhuna kuma a kan siminti suke kai tsaye. Ya zura hannu a buhun ƙasa ya fito da masara mai funfuna, kore-kore. Ya kuma san yadda ake yi a gidan, domin haka ake yi a kowane gida: a tsince mai kyau a kai kasuwar Sheme, wadda ta canza launi a niƙa a yi tuwo da kunun yara. A cikin masu shan wannan kunu akwai Sumayya, 'yar ƙanensa Bilya, wadda aka yaye ba da jimawa ba.

Ya zuba ƙwayoyin masarar a aljihu. A Zariya ya jiƙa su ya tace, gwaji ya nuna gubar funfuna mai yawa, sannan ya ɗiga ruwan a kan bangon da ya rena. Kwana biyu launi ya sauko. Da ya duba a madubin bincike, ɗinkin da ya saba gani zagaye da kowace ƙwaya kamar raga ya tsintsinke, saura guntu-guntu.

Abin da ya kamata ya yi a fili yake, kuma tafiyar rabin yini ce. Bai yi ba. Ya gaya wa kansa cewa faranti ba yaro ba ne, cewa masani ba ya magana da gwaji ɗaya, sai ya maimaita, ya sake maimaitawa, har sau bakwai, amsa ba ta canza ba. Sa'adiya ta gaji ta ce masa, «Malam, ka tai ka faɗa ma Baba. In bakinka ya yi nauyi, ni in tai.» Ya ce ba a aika suruka da irin wannan magana. Maimakon haka sai ya bi ta gefe. Ya aika da shinkafa da dawa a ce na yara ne, mutanen gida suka ga abu mai kyau suka adana domin baƙi da Sallah. Ya ce wa Bilya a riƙa shanya masara sosai, Bilya ya ce «To, Yaya,» ya ɗauka irin tsirfar 'yan boko ce. Gaskiyar da ya amsa daga baya ita ce, bai iya tunanin tsayawa gaban mutumin da bai taɓa yi wa doguwar magana ba, ya ce masa abu guda da ya taɓa yaba masa a duniya shi ne ke cutar da jikokinsa.

Sumayya ba ta yi girma ba. Tana da shekara uku ana ɗaukarta 'yar shekara ɗaya da rabi, gudawa na tafiya tana dawowa. A watan Satumba na 2012 zazzaɓi ya kama ta, jikin ba shi da abin da zai yi faɗa da shi, ta rasu a kwana na huɗu. Ilimi bai ba Muttaka damar ya ce masarar ce ta kashe ta ba, kuma bai taɓa cewa haka ba, domin ajali na Allah ne. Sai dai ilimin nan bai ba shi damar ya ce babu hannunta ba.

Bayan sadakar uku, da hantsi, ya sami mahaifinsa shi kaɗai a zaure, ya durƙusa daga nesa ya faɗi komai, kansa a ƙasa. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

«Tun yaushe ka san wanga abu?»

«Wata goma sha takwas ke nan, Baba.»

Malam Barau ya ciro makullin daga aljihu ya ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

«Muttaka,» ya ce, «ɗaki ne fa. Ɗaki ne kawai.»

Wannan ne karo na farko da ya ji sunansa a bakin mahaifinsa, kuma bai sake ji ba. Kafin azahar tsohon ya sa an jingina tsani, ya hau da kansa yana da shekara saba'in da 'yan kai, ya fara ɓamɓare kwanon.

Shekarun Baya

An ba shi muƙamin farfesa a 2014 saboda rubuce-rubucensa kan yadda gubar funfuna ke sakin ɗinkin hanji, amma bai yi walima ba. Malam Barau ya sake gina rumbu da hannunsa, ya rasu a 2015, kuma su biyun ba su sake tayar da maganar ba. Bilya bai taɓa zarginsa ba, wanda hakan ya fi masa zafi fiye da zagi.

Binciken jijiyoyin ƙwaƙwalwa da ya dawo da shi daga Jamus ya tsaya a rabi, abokan aikinsa na cewa ya yi asarar baiwarsa, shi ma bai musa ba. Ya koma yawon kasuwanni da ƙofofin masallatai a Sheme da Faskari da ƙauyukan Sabuwa, da masara mai funfuna a tafin hannu, yana cewa a bar ta ta bushe, a ɗora buhu a kan katako, a buɗe wa ɗaki taga, kuma wadda ba za a iya kaiwa kasuwa ba kada a ba yaro. Mutumin da a da ba ya iya ɗaga ido gaban babba ya zama mai shiga ɗakin ajiyar dattijo ya ce masa a fuska, «Alhaji, wannan ba ta ciwuwa.» Wasu sun ji haushi, wasu sun gyara. Da rashin tsaro ya tsananta daga 2019, manoma suka koma karya masara da ɗanyenta don gudun kada a riga su, shi kuma hanyoyi da yawa suka gagare shi. Ya san ba zai iya ce wa mai tsoron ransa ya jira masara ta bushe ba, wannan ya ƙara masa baƙin ciki a shekarunsa na ƙarshe.

Rasuwa

Hawan jini ya kwantar da shi a watan Nuwamba na 2023, likitoci suka ce wata jijiya ce ta ɓalle a ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar Alhamis a wani asibiti a Zariya yana da shekara hamsin da bakwai. Bisa wasiyyarsa aka kai shi 'Yargoje, aka yi masa sallah bayan la'asar a ƙofar masallacin unguwarsu, aka binne shi a maƙabartar da mahaifinsa yake. Ɗakin yana nan har yau babu rufi, awaki ke kwana a ciki, domin ya roƙi kada a rushe shi. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa.

Ya bar matarsa Hajiya Sa'adiya da 'ya'ya huɗu: Salim, injiniya a Kaduna, Fatima Zahra'u, likitar yara, Kamilu, wanda ke karatun aikin gona, da autarsu Baraka. A cikin takardunsa an sami wata gajeriyar wasiyya ga duk wanda zai rubuta tarihinsa, cewa in ya ga dama ya bar digirori da muƙamai, amma kada ya tsallake watanni goma sha takwas, kuma bayan sunayen 'ya'yansa ya ƙara suna ɗaya. An cika masa: Sumayya Bilya Barau, wadda da tana raye da ta raka gawarsa da ido tana da shekara goma sha huɗu.