Furen Kawu a Duwatsun Shere

Kawuna tsohon leburan kuza ne, kuma bakinsa ba ya hutawa. Ya daɗe yana gaya wa 'yan majalisarsu a Gangare cewa akwai wani fure mai launin shunayya da ke tsirowa cikin toka bayan an ƙone daji, tun ruwa bai sauka ba. Suka ce ƙarya ce, suka laƙaba masa suna Malam Fure. Abin ya ci masa rai har ya daina fita hira. Shi ya sa a bazarar 1978 na rufe shagon ɗinkina na raka shi neman furen a Duwatsun Shere.

Farin Gada

Muna idar da sallar asuba muka bar Anguwan Rogo. A Farin Gada muka sami wata a-kori-kura da za ta ɗauko kabeji, muka ɗare baya.

Direba ya ce, "Baba, magani za a nemo?"

Kawu ya ce, "I, na masu baki."

Kan dutse

Da hantsi aka sauke mu a gindin dutse, muka kama hawa. Duk shuɗin furen da na gani sai in ƙwala masa kira. Shi kuwa sai ya murza ganyen, ya shinshina, ya ce, "Kai dai ka tsaya ga allura." Nasa, in ji shi, gajere ne, ganyensa da gashi-gashi, ƙamshinsa kamar ɗoɗɗoya, saiwarsa kuma dunƙulalliya mai tauri.

Bayan azahar muka same shi a tsagin wasu duwatsu, cikin baƙar toka. Wallahi kafin nan ni ma a ɓoye ban yarda ba. Kawu ya haƙo shi da saiwarsa, ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, ya rungume.

Shinge

A hanyar dawowa wani mai kaki ya tsayar da mu, ya leƙa buhun.

"Baba, wannan wiwi ne!"

"Oga, wiwi da shunayyar hula?"

Don ya tabbatar, ya tsinke fure da ganye kakaf, ya murtsuke, ya shaƙa, ya yi atishawa, ya ce mu wuce.

Gangare

Da saiwa tsirara muka isa majalisa. Aka yi ta dariya, wani ya ce rogo muka sato. Kawu ya binne ta a gefen dakalinsu.

Da shekara ta zagayo ya tara ciyawa a wurin, ya cinna wuta. Ba a jima ba furen ya leƙo, ko ɗigon ruwa ba a yi ba. Kawu ya kafa kujerarsa a gabansa. Duk dattijon da zai hau dakali sai ya durƙusa ya faɗi launin da ya gani, Kawu kuma ya ce bai ji ba, a maimaita. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan rana da idona.