Yatsu Huɗun Malam

Ban iya rubutu ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, ni ina faɗi. Na ce mata idan kuka ya zo mini ta ajiye biron ta jira, kada ta ce in yi haƙuri. Na ji kalmar nan har ta ishe ni.

Malam mijina ba ya shan sigari, ba ya zaman majalisa. Abinsa ɗaya ne a duniya bayan sallarsa: kayan sauti. Yana da rediyo, da abin kaset, da amfilifaya, wato akwatin nan mai nauyi da ke ba sauran ƙarfi, sai lasifika biyu masu tsayin ƙuguna. Tun muna haya a unguwar Hausari yake tara su, ɗaya bayan ɗaya. Da farko a kan bulo huɗu da falanki suke zaune. Daga baya ya sa aka ƙera masa kanta ta ƙarfe, bai yi wata biyu ba ya ce ƙarfe na sa sauti rawa, ya ba ni ita na jera tukwane. Da muka dawo Bulumkutu ya kawo kafinta, suka wuni suna gardama, aka yi masa kantar katako mai hawa uku.

A kantar nan akwai abin da ya dame ni shekara da shekaru. Tsakanin amfilifaya da katakon da ke samansa ya bar fili, ba komai a ciki. Kullum ya gyara kayan sai ya zura yatsunsa huɗu a wurin, ya gyaɗa kai. Ni kuwa ina ganin filin kamar giɓi a baki.

"Malam, in shimfiɗa ɗan kyalle a nan mana."

"Hajja, jerenki na ɗakinki. Wannan jerena ne."

Bai taɓa gaya mini dalili ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka rigimar maza ce.

Ya rasu da azumi. Har na fita takaba ban taɓa kayan ba, ko kallonsu ba na iya yi. Ranar da na ce bari in share bayansu, na ja kantar kaɗan sai ƙafa ɗaya ta ruguje a hannuna. Ashe gara ta cinye ta daga ciki. Da ƙyar na tare kayan da ƙirjina.

Ban kira kowa ba. Ban iya karanta abin da aka rubuta a bayan akwatunan ba, sai na ɗauko zaren ɗinki. Kowace waya kafin in cire ta, in ɗaura mata zare, in liƙa irinsa a bakin raminta: ja da ja, kore da kore, baƙi da baƙi. Na jawo teburi, na yi jere irin wanda na sani tun ina amarya, babba a ƙasa, ƙarami a sama. Amfilifaya a ƙasa, abin kaset a kansa, rediyo a can bisa. Tsakanin kowane biyu na shimfiɗa kyalle mai aikin hannu, na kuma rufe su duka da leshi. Na sa turaren wuta. Wallahi sun yi kyau. Har na ce a raina, Malam, ka ga yadda ake yi.

Akwai kaset ɗaya da nake so. A farkonsa karatu ne da ya ɗauka daga rediyo, mai tsawo. A can ƙarshe kuma muryarsa ce, ranar da ya sayo makirfo yana gwadawa. Ba ni da muryarsa a ko'ina sai nan. Maɓalli biyu kawai na sani, na kunnawa da na kashewa, don haka sai in saurari karatun in jira.

Na kunna da hantsi. Karatu ya yi nisa, sai na ji ƙas, komai ya yi shiru. Ga wuta a ɗaki, fanka na juyawa, amma kayan sun mutu. Washegari suka tashi, ashe kaset ya kai ƙarshe babu sauti ya koma da kansa, na sake daga farko, suka sake mutuwa kusan a wuri ɗaya. Haka na yi kwana da kwanaki. Na daina cin abinci sosai. Na ce ko dai na kashe masa kaya, ko kuma bai yafe mini taɓa su ba. 'Yata ta zo daga unguwar Mairi ta ce na rame, na ce mata zafi ne. Kunya ta hana ni faɗi.

Wata Lahadi Akawu ya zo gaishe ni, shi da matarsa, daga coci suke. Tsohon abokin Malam ne, mutumin kudancin Borno, tare suka yi aiki, tare suka kamu da ciwon kayan sauti. Yana shiga falo ya tsaya, ya cire tabarau.

"Hajja, wa ya yi wa kayan abokina lefe?"

Matarsa ta zungure shi. Ni kuwa sai kuka. Na gaya masa komai, har da zancen ko Malam na fushi da ni.

Ya matsa kusa da kayan. Ya kunna, muka zauna. Da suka mutu, ya yaye leshin, ya sauke na sama, ya ce in sa hannu a kan amfilifaya. Na taɓa na janye, kamar murfin tukunya.

"Kin ga ramukan nan? Hancinsa ke nan. Ke a zafin garin nan, a rufe ki da bargo, a ɗora miki mutum biyu a ka, za ki yi magana? Suma yake yi don kada ya ƙone. Lafiyarsa lau."

"To filin nan da Malam ke bari..."

"Yatsu huɗu. Ni na ce masa uku sun isa, muka yi shekara talatin muna faɗa a kai."

Ya leƙa baya ya ga zarurrukana, ya kira matarsa ta gani. Ya ce ko ɗaya ban kuskure ba, shi kuwa da ya yi boko, sau biyu yana ƙona lasifika. Daga nan ya ajiye amfilifaya shi kaɗai a ƙasa, ya juya masa fanka, ya nuna mini maɓalli na uku, wanda ke sa kaset gudu.

Sai ga Malam. Ya busa makirfo, ya yi tari, ya ce, "Hajja, zo ki yi magana a ji ki." Daga nesa na ji kaina ina cewa, "Bar ni, miya za ta kama." Ya yi dariyar nan tasa. Akawu ya fita tsakar gida, wai zai duba kekensa.

A satin nan kafinta ya zo, aka yi sabuwar kanta, hawa huɗu, bayanta a buɗe, ƙafafunta a kan tayil saboda gara. Ya fito da abin awo, na ce ya mayar aljihu. Na zura hannuna a saman amfilifaya, sai na tuna yatsun Malam sun fi nawa kauri. Na ƙara babban yatsa, na ce a nan zai buga katakon.

Kyallayen na mayar da su ɗakina, kan kwanuka. Yanzu kowace hantsi ina kunnawa, ba ya mutuwa. Idan ya ce in zo in yi magana, ina amsa masa. Yau na gaya masa an kori gara.