Injin Yaya da Kifin Kogin Severn

Salford

Na fito daga Salford, garin da nake zaune a ƙasar Turawa, kafin asuba a motata ta ɗaukar kaya, na hau babbar hanyar da ta nufi Birmingham. Sana'ata sayen tsofaffin injuna in aika gida. Wannan karon ba riba nake bi ba. Injin kwalekwalen yayana Ɗanladi, masunci a Yawuri, ya mutu tun kafin damina, ya koma tuƙi da filafili kuma shekaru sun ja. Na yi masa alkawarin inji, ga shi an ce an samo mai kyau.

Na yi sallar asuba a wani wurin hutawar matafiya, na sha shayi mai tsada marar daɗi, na wuce.

Sparkbrook

Wajen ƙarfe takwas na isa gidan abokina Alhaji Bala, akanta, wanda ya samo mini mai injin. Hajiya matarsa ta cika mu da ƙosai da kunun gyaɗa. Bala ya ce, “Mutumina, bari in gaya maka. Tsohon nan Ken, mai injin, ba kuɗi yake bi ba. Mutum biyu sun je da kuɗinsu a hannu ya kore su, wai ba su san girman kogi ba. Sai ya kai ka kamun kifi ya ga halinka.”

Na ce, “Ni ɗan Sarkawa, jikan masunta, za a koya wa kogi?”

Ya ce, “Ka dai yanki lasisin kamun kifi a waya. Nan ba Yawuri ba ne.”

Bakin Severn

Tafiyar sa'a guda ta kai mu bakin kogin, kusa da Worcester. Ken dattijo ne mai jan fuska. Ya tayar da injin da ja ɗaya, muka zaga ruwa a kwalekwalensa. Sautinsa kawai na ji na san ba a wahalar da shi ba. Na haɗe fuska don kada ya ga ina so.

Muka sauka gaɓa ya ba ni sandar kamun kifi doguwa marar nauyi, da wandon roba mai kaiwa ƙirji. Ƙugiyar kuwa an yi mata ado da gashin tsuntsu, ba tana, kuma an danne ƙayarta. Na ce wa Bala da Hausa, “Wannan ai kwalliyar amarya ce.”

Muna jefa ƙugiya Ken yana ba ni labari. Mutane na zuwa daga nesa saboda kifin salmon: su biya kuɗin gaɓa, su kama ɗaki a ƙauye, su ci abinci, su sayi kayan kamu. Wani ya yi shekara bai kama ko ɗaya ba, baɗi ya dawo. Na ce a raina, waɗannan sun fi mu iya kasuwa. Kifi ɗaya suke sayarwa sau goma, yana nan cikin ruwa.

Bayan azahar sandar ta lanƙwashe. Zare ya yi ta gudu, kifin ya yi tsalle, fari ƙal kamar azurfa, ya kai tsawon hannuna. Bala ya kira Yaya ta bidiyo yana ihu. Da ƙyar muka shigar da kifin raga. Na yi bisimilla na lalubi dutse, kamar yadda aka koya mini tun ina yaro.

Bala ya riƙe mini hannu. “Kai! Ba a kashe shi a nan, doka ce. Mayarwa ake yi.”

Daga wayar Yaya ya ce, “Me yake cewa? Buga masa a ka mana!”

Na dubi Ken. Kallona kawai yake. Na dubi kifin, wallahi har na ji ƙanshin farfesu. Na yar da dutsen. Ken ya nuna mini in jiƙa hannu, in tallafe kifin cikin ruwa, kansa na fuskantar igiya. Na ji numfashinsa a tafina, sai ya kaɗa wutsiya ya ɓace.

Yaya ya yi salati. “Ɗan'uwa, lafiyarka kuwa? Sanyin ƙasar nan ya taɓa ka?”

Ken ya tambayi abin da ya ce, Bala ya fassara. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce in kawo motar kusa mu ɗora injin. Ya ƙara mini da farfela sabuwa. Na gwada neman ragi, don hali ba ya barin mai shi, ya ƙi, na biya.

Na nuna wa Yaya injin a bayan mota. Na ga yana share ido da hularsa. Can ya ce, “Allah ya yi maka albarka. Amma shi wannan kada ka mayar musu cikin ruwa.”

Gida

Na sauke Bala bayan magariba, na kamo hanya cikin yayyafi, na iso Salford lafiya wajen ƙarfe goma. Na gode wa Allah, na gode wa Bala da Hajiya. Injin zai hau jirgin ruwa ƙarshen wata.